Hannu a Baya, In Ji Doña Zenobia

Duk wanda ya taɓa hawa unguwarmu ta Retamal, can ƙoƙuwar tudun da ke bayan birnin Lima, ya san Doña Zenobia Huaranga. Doña kuwa laƙabin girmamawa ne da muke yi wa mace babba. In bai ganta ba ma, ya ji muryarta tun yana tsakiyar matakala. Gajeruwa ce, mai kitso biyu har gadon baya, kuma babu mai cewa ya taɓa ganin rigarta a yamutse. A unguwar da ake jiran tanka kafin a sha ruwa, ƙura kuma ta riga miya shiga kwano, ita kullum fes take. Mutane suna girmama ta, suna kuma ɗan shakkarta, don bakinta ba ya jiran a gama tambaya.

Tana da shekara goma sha uku gwaggonta ta sauko da ita daga ƙauyensu na Huancavelica, ta damƙa ta a wani gidan masu hali a cikin gari. Daga wannan gida zuwa wancan, shekara talatin da takwas ta yi tana wanki da guga. A gidajen nan ta ga yadda masu abu suke yi da abinsu. Kujerun falo cikin leda suke, ba a zama a kansu sai an yi baƙi. Farantai masu bakin zinariya suna cikin kabad, shekara ta zagayo ba su ga shinkafa ba. Littattafai kuwa a jere bayan gilashi, a kulle, aikinta kawai ta goge gilashin ranar Asabar.

Sau ɗaya ta yi karambani. Ta tarar an manta makulli a jiki, sai ta jawo wani littafi mai hotunan tsuntsaye ta buɗe, alhali yanzu ta baro wanki, hannunta da danshi. Babban yatsanta ya bar tabo a gefen shafi. Matar gidan ba ta mare ta ba. Da marin ta yi ma, da ya fi sauƙi. Sai ta kira kuku da direba da mai ba furanni ruwa, ta ɗaga littafin ta nuna musu.

"Ku zo ku ga abin da hannun 'yar ƙauye yake yi wa abu mai kyau," in ji ta.

Shekarun Zenobia goma sha biyar ran nan. Har ta yi furfura, in ta hangi littafi sai ta goge hannu a jikin siket kafin ma ta san ta yi.

Karatu sai da ta kai ashirin da takwas ta koya, a ajin manya da ake yi a coci ranar Lahadi bayan an tashi daga addu'a, 'yarta Marleni tana goye a bayanta. Mijinta magini ne, ya gina musu ɗaki biyu a Retamal, ya rasu bai kai ga yi musu filasta ba. Marleni ta girma ta haifi Yeraldin, uban yarinyar ya ce zai je ya dawo, har yau yana kan hanya. Yeraldin na da shekara uku uwar ta samu aikin jinyar tsofaffi a ƙasar Chile. A tashar mota, kafin ta shiga, ta kama hannun mahaifiyarta.

"Mama, abu ɗaya nake roƙo. Yarinyar nan ta yi karatu. Kar ta riƙe dutsen guga kamarki, kar ta wanke tsohon wani kamar ni."

"Ke shiga mota, za su tafi su bar ki. Ni za ki koya wa riƙon yaro?"

Haka ta ce, amma maganar ta shige ta, kuma a kanta ta tsaya.

Shekara guda bayan haka, gwiwoyinta sun riga sun hana ta sauka gari aiki, wata ƙungiya mai kai littattafai unguwannin talakawa ta hawo da kwali uku. Littattafan yara ne, ɗari da ashirin, masu hotuna. Suka ajiye su a ɗakin girkin unguwa, inda mata ke haɗa hannu su dafa tukunya ɗaya babba kowa ya ɗiba. Samarin da suka kawo sun yi bayani har bakinsu ya bushe, amma cikin duk abin da suka faɗa jimla ɗaya Doña Zenobia ta ji: a samu wadda za ta kula da su. Mata suka juya gaba ɗaya suka dube ta.

"Ai ba sai an yi zaɓe ba," in ji Doña Eulogia, shugabar girki, wadda ita ta riƙe Marleni ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre kuma suke zagin juna yadda suka ga dama. "Wa ya kai comadre tsafta? Matar da take yi wa tsumman goge ƙasa guga?"

"Gara ni. Ke rigarki ta san duk miyar da aka yi a makon nan."

Ta kuwa kula da su, kula irin wadda ba a taɓa yi wa littafi ba a kan tudun nan. Ta sayo leda ta yi wa kowane ɗaya riga. Wanda shafinsa ya lanƙwashe a cikin kwali ta ɗora masa ƙyalle ta bi da dutsen guga mai ɗumi. Ta sauka gari ta roƙi wata tsohuwar uwar ɗakinta kabad mai gilashi, ƙarti huɗu suka hawo da shi matakala ɗari biyu da goma sha huɗu, tana binsu da faɗa. Makullin ta rataya a wuya tare da gicciyenta.

Litinin, Laraba da Juma'a, bayan an ci abincin rana, yara suke taruwa. A bakin ƙofa akwai baho da sabulu. Kowa ya wanke hannu ta duba, farce ɗaya bayan ɗaya. Sannan su zauna a kan benci, ta daka tsawar da ko kare a Retamal ya sani:

"Hannu a baya!"

To kuma me ya sa ake wanke hannun, tunda a baya zai zauna? Babu wanda ya taɓa tambayar ta. Ita za ta ɗaga littafi sama, ta karanta layi, su maimaita gaba ɗaya, ta juya musu hoto su gani daga inda suke. Muryarta tana da daɗi, a faɗi gaskiya. Tana yin muryar kyanwa, tana yin ta tsoho mai tari, yara su yi ta ƙyalƙyala dariya hannunsu a baya. Kafin shekara biyu sun haddace labaran nan tas. Iyaye su dawo daga tallar kasuwa da leburanci a gajiye, su ji yaro yana rero labari daga farko har ƙarshe, su ce Allah ya saka wa Doña Zenobia.

Akwai littafi ɗaya da Yeraldin ta fi so, labarin wata farar 'yar akuya da uwarta ta haura dutse neman ciyawa a shekarar fari. A shafin ƙarshe 'yar akuyar tana tsaye a bakin garke tana kallon dutsen, kuma nan marubucin ya ajiye alƙalami. Ran da Doña Zenobia ta fara karanta shi, ta kai wurin, ta ga idon jikarta ya kawo ruwa. A ranta ta ce wane irin mara tausayi ne ya rubuta wannan. Sai ta ƙara jimla ɗaya daga bakinta, ba tare da ta sauya murya ba: "Da gari ya waye sai ga uwar ta dawo, bakinta cike da ciyawa." Tun daga ranar haka labarin yake ƙarewa a Retamal, yara duka da haka suka haddace shi.

Da Yeraldin ta shiga aji uku, malaminsu, wani bawan Allah mai suna Edilberto, mai fama da yara arba'in da shida a aji ɗaya, ya aiko da takarda cewa yarinyar ba ta iya karatu ba, a zo a tattauna. Ranar unguwa ta ji muryar Doña Zenobia. Ta sa farar rigarta, ta naɗe littafin akuyar a tawul, ta ja yarinyar har makaranta.

"Kai ne ka ce jikata ba ta iya karatu ba? Jikata? Tsaya nan ka ji!"

Ta ɗaga littafin a tsakar makaranta, Yeraldin ta sa hannu a baya ta zubo labarin ba tuntuɓe ko ɗaya. Malam Edilberto ya buɗe baki zai yi magana, ta tare shi.

"In kai ka kasa koyarwa, kar ka ɗora wa 'yar mutane. Ka ji kunya dai."

Mutumin ya dubi sauran iyayen da suka taru suna kallo, ya haɗiye maganarsa, ya ba ta haƙuri. Sati biyu ana ba da labarin a ɗakin girki, kullum ana ƙara masa gishiri.

A watan Agusta, cikin sanyin nan da yayyafin da ke mai da hanya laka, ƙungiyar ta aiko a duba yadda abubuwa ke tafiya. Wata siririyar budurwa ce mai tabarau, Malama Nélida, ta iso tana haki, takalminta ba ya ganuwa don taɓo. Doña Zenobia ta kwana biyu tana shiri. Ta goge gilashi, ta sa yara sha bakwai sun zauna a jere, Doña Eulogia ma ta sauya riga. Malamar ta gaishe su, ta sha kunun da aka miƙa mata, sannan ta tsaya gaban kabad.

"Kai, sababbi kuka samu? Wa ya kawo muku?"

"Naku ne, Malama," in ji Doña Zenobia, tana gyara tsayuwa. "Na shekara huɗu da suka wuce. Ɗari da ashirin, ki ƙirga. Ko kunnen shafi ɗaya bai lanƙwashe ba."

Ta ciro makulli daga wuya ta buɗe. Malama Nélida ta ɗauki ɗaya ta juya, ta ɗauki wani, ta ɗauki na uku. Doña Zenobia tana jiran yabo, sai ta ga fuskar yarinyar nan tana sauyawa kamar wadda aka yi wa rasuwa.

"Doña, a sauran unguwannin, cikin shekara guda rabin littattafan sun zama tsumma. Wasu sun ɓace ma. In muka ga haka murna muke yi."

"Murna? Da ɓarna?"

"Yaran nan suna taɓa su kuwa?"

"Su taɓa? Da wane hannu? Malama, kin ga ƙurar garin nan kuwa? Ai ba sai sun taɓa ba suke karatu. Yeraldin, taso ki nuna mata."

Yarinyar ta taso, hannu a baya. Kakarta ta ɗaga littafin akuyar, ita kuma ta fara zubowa tiryan-tiryan. Ba ta kai rabi ba Malama Nélida ta ce a ɗan ba ta littafin. Ta buɗe tsakiya, ta rufe hoton da tafin hannunta, ta durƙusa daidai tsayin yarinyar.

"'Yar ƙanwata, me aka rubuta a nan?"

Yeraldin ta leƙa ta gefe. "Ki ɗaga hannunki in ga hoton."

"Bar hoton. Wannan layin kawai."

"Ai in ban ga hoton ba, ban san inda muke ba."

Doña Eulogia ta yi dariya daga bakin murhu, ta ga ita kaɗai ke yi, ta kama bakinta. Malamar ta yago takarda daga jakarta, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa Yeraldin tana son lemo, ta miƙa mata. Yarinyar ba ta karɓa ba, don hannunta na baya. Ta dai ƙura wa takardar ido.

"Wannan sunana ne," ta ce. "Sauran ban san labarin ba. Kaka ba ta taɓa karanta mana shi ba."

Doña Zenobia ta yi saurin tarewa. Ta ce yarinyar kunyar baƙo take ji. Ta ce a gwada wani. Aka gwada wani, aka gwada wata, har aka bi yara sha bakwai ɗin nan kaf. Uku ne suka karanta takardar, su ma yayyensu ne suka koya musu a gida. Sauran sha huɗun, waɗanda suke iya rero littafi sittin da ka, sun tsaya suna kallon layi ɗaya suna jiran a faɗa musu su maimaita. Wani ƙarami ma da ya ga an yi shiru, sai ya fara labarin kyanwa daga farko don ya taimaka.

Doña Zenobia ta ja da baya. Ta zauna a kan buhun dankali da farar rigarta, abin da ba a taɓa gani ba, ba ta ma san a kan me ta zauna ba.

"Shekara huɗu," ta ce. "Malama, shekara huɗu."

"Ba ki yi asara ba, Doña. Sun san labari, suna son labari, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma yaro sai ya riƙe, ya sa yatsa a ƙarƙashin kalma, ya yi kuskure, ya koma. Laifinmu ne ma da muka ajiye muka tafi ba mu waiwayo ba."

Doña Zenobia ba ta ji ko ɗaya ba. Fuskar Malam Edilberto take gani a tsakar makaranta yana ba ta haƙuri a kan gaskiyarsa. Kuma ta tuna sauran abin da ke cikin takardarsa, wanda fushi ya hana ta kula: in Disamba ta zo yarinyar ba ta karatu, za ta maimaita aji.

Da kowa ya watse, Doña Eulogia ta kawo mata kofin shayi ta zauna kusa da ita.

"Comadre, ke ma ba ki taɓa lura ba?" in ji Doña Zenobia.

"Ni da ban san baƙi ba? Na ga yaro yana kallon littafi bakinsa yana motsi, me zan ce? Na ɗauka haka ake yi. Sau biyu jikana ya ce in roƙe ki ya tafi da ɗaya gida, na ce masa rufa mini asiri, kana so ta cinye ni ɗanya?"

"Har haka nake?"

"Kin fi haka. Sha shayinki."

Ranar Lahadi Marleni ta kira kamar kullum. Da ma a ƙarshen kowace waya sai an sa Yeraldin ta yi wa uwarta karatu, uwar tana can tana kuka don daɗi. Wannan karon Doña Zenobia ta tura yarinyar sayen burodi, ta faɗi komai da bakinta, ba ta rage ba. Da ta gama, Marleni ta tambaya a hankali.

"Mama, duk karatun nan da take yi mini...?"

"Hadda ce. Ni na yi. Ni na hana ta taɓawa."

Marleni ba ta yi faɗa ba. Ta ce lokacin ba tsohuwar da take jinya magani ya yi, za ta sake kira. Wannan ya fi faɗan ciwo, kuma Doña Zenobia ta san ta cancanta.

Washegari da safe ta sauka makaranta, ba littafi ba tawul. Ta jira har aka fito tara, ta ba Malam Edilberto haƙuri a daidai inda ta ci masa mutunci, da ƙarfi yadda kowa zai ji. Mutumin ya rasa inda zai sa kansa, har ya fi ta jin kunya. Da rana ta hawo, ta buɗe kabad, ta kwaso littattafai ta zube su a kan tebur gaban yara.

"Kowa ya ɗauki ɗaya," ta ce.

Babu wanda ya motsa.

"Ba ku ji ba ne? Na ce ku ɗauka!"

Suka dubi juna. Hannu talatin da huɗu suna baya, ba tare da ta ce a kai su ba. Wata 'yar ƙarama ta fara ɓata fuska za ta yi kuka, don ta tabbata tarko ne. Yeraldin, jininta, ta ce a hankali, "Kaka, za mu ɓata su."

A nan ne abin ya gama dukan ta. Ta ji muryar matar gidan nan ta shekara arba'in da suka wuce ta fito daga bakin jikarta, kuma ta san wa ya sa ta a ciki. Ta juya ta nufi murhu, inda tukunyar wake ke hucewa, ta tsoma babban yatsanta a ciki har gaɓa. Ta dawo ta buɗe littafin kyanwa, ta danna yatsan a tsakiyar farin shafi, ta murza.

"Budurwa Maryamu!" in ji Doña Eulogia, ludayi ya faɗi daga hannunta. "Comadre ta haukace!"

"Ga shi na ɓata," in ji Doña Zenobia, tana ɗaga littafin sama kamar yadda ta saba. "Kun gani? Duniya ta tashi? Wa ya mutu? To kowa ya ɗauka, kafin in ɓata sauran."

Jikan Doña Eulogia ne ya fara miƙa hannu, a hankali, idonsa a kanta. Da ya ga bai sha mari ba, sai suka rufta wa teburin gaba ɗaya.

Kar wani ya ɗauka abin ya zo mata da sauƙi bayan nan. Malama Nélida ta riƙa hawowa duk Asabar tana nuna mata yadda ake bin kalma gaɓa-gaɓa, yatsa a ƙasa, kuma ta ce a bar yara su tafi da littattafai gida. Suka fara dawowa. Wannan da mai, wancan da sawun haƙorin kare, wani ƙanin wani ya yi masa fitsari. Ɗaya ya dawo rabi, aka ce sauran rabin yana ƙarƙashin ƙafar tebur. Duk lokacin da ta karɓa sai ta runtse ido, ta ce na gode, haƙoranta a datse. Doña Eulogia ta rantse ta kama ta sau ɗaya tana yi wa wani guga a ɓoye, ita kuma ta ce ƙarya ce.

Yeraldin ce ta fi ba da wahala, don ita ta fi kowa hadda. Da ta ga kalmar farko sai bakinta ya ruga ya bar yatsanta a baya. Kakar ta riƙa rufe hotuna da kwali, ta ɓoye mata duk littafin da ta fi sani, har da na akuyar. Yarinyar ta yi kuka, ta ce da can ta iya karatu, yanzu an lalata mata. Satumba ta wuce, Oktoba ta wuce, tana haɗa gaɓoɓi da ƙyar, kuma Doña Zenobia ba ta iya rabe wanda ta karanta da wanda ta tuno. Tsoron Disamba ya hana ta jin daɗin abinci.

Wata Laraba a ƙarshen Nuwamba, rana ta fara leƙowa, yara sun watse, Yeraldin ta binciko littafin akuyar a inda aka ɓoye shi. Ta zauna a dokin ƙofa tana shan lemo, ruwansa yana bin hannunta, yatsanta yana tafiya a ƙarƙashin layi. Doña Zenobia tana tsince wake a gefe, ta yi kamar ba ta gani. Ta ji ta tana tafiya a hankali, tana tsayawa, tana komawa. Aka kai shafin ƙarshe.

"Ta tsa-ya a ba-kin gar-ke... ta-na kal-lon dut-sen."

Yeraldin ta tsaya nan. Ta juya shafin, babu komai sai bango. Ta dawo baya. Ta sake bin layin da yatsa, har ya kai ɗigon ƙarshe ya tsaya a kan farar takarda.

"Kaka."

"Na'am."

"Ina wurin da ta dawo?"

Waken ya zube daga hannun Doña Zenobia. Wata uku tana roƙon Allah ya nuna mata alama ɗaya cewa yarinyar nan karatu take yi, ba hadda ba. Ga alamar ta zo, kuma ba ta taɓa zaton ta nan za ta ɓullo ba. Ta ji daɗi da baƙin ciki sun haɗu mata lokaci ɗaya. Tana iya cewa shafin ne ya yage. A 'yan watannin nan shafi nawa ya yage? Amma yarinyar tana kallonta, yatsanta bai ɗaga daga wurin ba.

"Ba a rubuta ba," ta ce. "Ni nake ƙarawa."

"Ke nan ba ta dawo ba?"

"Mai littafin bai faɗa ba. A nan ya tsaya."

Yeraldin ta daɗe tana kallon hoton 'yar akuyar a bakin garke. Ba ta yi kuka ba. Can ta ɗago.

"In na rubuta a ciki, za ki yi faɗa?"

Doña Zenobia ta dubi shafin, da tabon lemo a gefensa, da farin filin da ya rage a ƙasan layin. Ta tashi da ƙyar saboda gwiwa, ta ɗauko fensir a kan kabad, ta fiƙe shi da wuƙar yankan albasa, ta sa wa jikarta a hannu.

"Ki danna sosai, ya fito," ta ce. "Ran Lahadi ki karanta wa uwarki."